RANDARRAY yana maimaita min lamba a ƙuri'ar adashi, wa ya san mafita?

Ummu_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Excel a taimaka min. Ni ce uwar adashi a makarantar da nake koyarwa nan Tudun Wada Gombe, mu 12 ne kowa yana zubin dubu 20 a wata, mai kwasa ya tashi da dubu 240. Shekara uku kenan muna ƙuri'a da takarda, a yayyaga a rubuta lamba a nannaɗe a zuba cikin hular wani malami kowa ya ɗauka, to bara sai da aka yi ƙananan maganganu wai wata ta leƙa kafin ta zara, shi ne na ce bana kwamfuta za ta raba mana gardama. Ƙanina ya nuna min wata fomula, na jera sunaye daga A2 zuwa A13, a B2 na rubuta =RANDARRAY(12,1,1,12,TRUE). Lambobi kam sun zubo, amma 7 ta fito sau uku, 4 sau biyu, 1 da 9 da 12 ko ƙyallinsu babu. Kuma da na je gyara harafi ɗaya a sunan wata sai duk lambobin suka sauya. Ni ce ban iya ba ko kwamfutar ce? Asabar za mu zauna.

dan_bolari:
Wa alaikumus salam Adda. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau, abin da kika ce ta yi shi ta yi. Fomular tana karɓar abu biyar: yawan layi, yawan kwalam, ƙaramar lamba, babbar lamba, sai TRUE in cikakkiyar lamba kike so mara ɗigo. Ke kin ce mata ba ni lamba 12 tsakanin 1 da 12, ba ki ce kar ta maimaita ba, kuma ba ta ma da wurin da za a faɗa mata hakan. Kamar ku da hular malam ne, amma duk wanda ya zari takarda ya duba sai ya mayar da ita cikin hular kafin na gaba ya zara.

MalamLissafi:
Misalin dan_bolari ya fito da abin. Bari in ƙara da lissafi don kar ki ɓata lokaci kina ta dannawa wai ko za a dace. Hanyoyin da lamba 12 za su iya fitowa a haka su ne 12 ta ninka kanta sau 12, wato 8,916,100,448,256. Waɗanda babu maimaici a cikinsu 479,001,600 ne kacal. In kin raba, sau 1 ne cikin kusan 18,600. Sai ki kwana kina danna F9, maɓallin da ke sa Excel ya sake lissafi, ba ki samu ba.

Abin da kike so ba ƙirƙirar lamba ba ne, gauraya sunaye ne. Share B2, ki rubuta wannan:

=SORTBY(A2:A13,RANDARRAY(12))

A nan RANDARRAY zai ba kowane suna wata lamba mai ɗigo tsakanin 0 da 1 a ɓoye, irin 0.3817 da sauransu, SORTBY kuma ya jera sunayen daga mai ƙaramar lamba zuwa mai babba. Tunda sunayen ake juyawa babu wanda zai fito sau biyu, babu wanda zai ɓace. Sai ki rubuta watanni a kwalam C daga sama zuwa ƙasa, na saman ya kwashi watan farko. In kuma kin fi son sunaye su tsaya inda suke lamba ta zo gabansu, to =SORTBY(SEQUENCE(12),RANDARRAY(12)).

Ummu_Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam, ya yi!! Sunaye sun gauraye babu maimaici. Saura maganar sauyawar nan, yanzu ma ina rubuta Janairu a C2 suka sake birkicewa.

dan_bolari:
Haka halinsa yake, shi da RAND da RANDBETWEEN duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Duk lokacin da Excel ya sake lissafi sai sun sauya, ko kin taɓa wani akwati can daban, ko kin danna F9, ko kin rufe fayil kin buɗe. In sakamakon da za a tsaya a kai ya fito, ki zaɓe shi duka ki yi Ctrl+C, ki danna dama a wani kwalam ki zaɓi Paste Special sannan Values. Wannan ya zama rubutu zalla, ba ya ƙara motsi. Ki fara rubuta watannin tukuna kafin ki yi ƙuri'ar.

Hamma_Dukku:
Ni na gwada a tawa #NAME? kawai yake rubuta min. Na duba harafi-harafi babu kuskure.

yaronKumo:
Hamma wane Excel ne a kwamfutarka? Nan kasuwa in ka kai laftof a sa maka Office yawanci 2016 ko 2013 za su ɗora maka, wasu ma har yau 2007 suke fama da shi. RANDARRAY da SORTBY da SEQUENCE sai a Microsoft 365 ko Excel 2021 zuwa sama. Ko 2019 ba shi da su, mutane da yawa suna zaton yana da su.

Hamma_Dukku:
2016 ne. To mu talakawa shikenan ba mu da ƙuri'a?

yaronKumo:
Hhhh kuna da ita mana, da can da me ake yi? A B2 rubuta =RAND() ka ja shi ƙasa har B13. A C2 rubuta =RANK(B2,$B$2:$B$13) shi ma ka ja ƙasa. Kwalam C zai ba ka 1 zuwa 12 a gauraye. Kar ka manta da alamar dalar nan, in babu ita kana ja ƙasa zangon zai dinga zamewa ka ga lambobi suna maimaituwa ka ce na yaudare ka. In kana da data kuma Excel na intanet kyauta ne in kana da asusun Microsoft, sabbin fomulolin suna aiki a can. LibreOffice ma kyauta ne, tun sigar 24.8 ta shekarar 2024 suka saka RANDARRAY da SORTBY.

Bappa_Jekadafari:
Ina ta karanta ku tun ɗazu. Ni ban san Excel ba sai abin da ba a rasa ba, amma na riƙe kuɗin ƙungiya shekaru, kuma tambayata ga 'yata Ummu Hanif ita ce: wa zai danna? Kun ce duk dannawa sakamako yana sauyawa. To in uwar adashi ta zauna a ɗakinta da daddare ta danna sau talatin har sunan ƙawarta ya hau sama, ta daskarar da shi kamar yadda dan_bolari ya koya mata, ta kawo ranar Asabar ta ce ga abin da kwamfuta ta ce, wa zai gane? Ban ce za ki yi ba, Allah ya kiyaye. Amma wadda ta yi ƙorafi bara a kan hula bana za ta yi a kan laftof, kuma wannan karon ba ki da shaida. Hula aƙalla kowa yana ganin hannun kowa.

Ummu_Hanif:
Wallahi Bappa ban kawo wannan a raina ba, kuma gaskiya ka faɗa. Ni duk tunanina yana kan fomular.

Adda_Herwagana:
Mu a ƙungiyarmu ta mata masu ɗinki ga yadda muke yi. Ana haɗuwa, a ajiye kwamfutar a tsakiyar tabarma kowa na gani, a karanta sunaye da ƙarfi a tabbatar kowa yana ciki, sannan kafin a taɓa komai a yarda sau nawa za a danna, mu sau uku muke yi na ukun shi ne hukunci. Ba shugaba ke dannawa ba, yarinya muke kira cikin 'yan koyo wadda ba ta cikin zubin. Tana gama na uku kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoton allon. Shekara biyu ba mu ji ko tari ba. Sau ɗaya ne kawai aka ɗauke wuta batirin ya mutu ana tsakiyar na biyu, sai muka yarda a faro daga farko.

Sadiq_Gwallameji:
Sannunku da aiki, daga Bauchi nake bibiya. Tunda ana kan maganar bari in cusa tawa. Ina rubuta furojet, ina da jerin sunayen ɗalibai 1,200, na yi lissafin Taro Yamane, wanda ake gano yawan mutanen da za a zaɓa da shi, da kuskuren 0.05 ya ba ni 300. Malamin da ke duba ni ya ce dole in nuna yadda na zaɓo 300 ɗin ba son rai. Na yi =RANDARRAY(300,1,1,1200,TRUE) na ga kamar babu maimaici tunda 1,200 na da yawa. Ya wadatar?

MalamLissafi:
Sadiq idonka ne bai gani ba, akwai su. A gefe rubuta =COUNT(UNIQUE(B2#)) in fomular tana B2, za ka ga bai kai 300 ba, yawanci wajen 265 zai ba ka. Mutane suna raina saurin da maimaici ke zuwa. Ko lamba 10 ka zaro tsakanin 1 da 50, yiwuwar a samu biyu iri ɗaya ya kai kashi 62 cikin 100. Shi ne lissafin nan da muke ba ɗalibai mamaki da shi a aji, mutum 23 kacal in suka taru yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ya ɗan haura rabi.

Naka maganin ɗaya ne da na Ummu Hanif, gauraya duka sannan ka yanki na sama:

=INDEX(SORTBY(A2:A1201,RANDARRAY(1200)),SEQUENCE(300))

In 365 gare ka TAKE ya fi sauƙi, =TAKE(SORTBY(A2:A1201,RANDARRAY(1200)),300). Ka daskarar, ka ajiye fayil ɗin da kwanan wata, ranar difens in an tambaya ka buɗe musu.

Sadiq_Gwallameji:
Na gwada, 263 ya ba ni. Innalillahi, da na raba takardun tambaya haka. Na gode Malam.

abu_Maryam82:
Ni fa tambayata daban. Wannan abin ba caca ba ne? Kuɗi ne fa ake rabawa da sa'a.

Bappa_Jekadafari:
A'a ɗana, caca ita ce wani ya ci wani ya yi asara. A adashi kowa abin da ya zuba shi zai kwasa, ƙuri'ar layi kawai take tsarawa. Ita ƙuri'a tsakanin masu hakki daidai tana da asali. Hadisin Nana A'isha yana cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. A Alƙur'ani ma duba Ali Imrana aya ta 44, inda suka jefa alƙalumansu a kan wa zai riƙi Maryam, da Saffat aya ta 141 a ƙissar Annabi Yunus. Hukuncin shi adashin kansa ka tambayi malamanku, ni a kan ƙuri'ar nake magana.

abu_Maryam82:
Na gamsu Bappa, Allah ya ƙara girma.

injiniya_Bajoga:
Bari in tsoma baki a kan kalmar sa'a da abu_Maryam ya ambata. A gaskiya kwamfuta ba ta san sa'a ba, ba ta iya yin abu kan mai uwa da wabi. Lissafi take bi mai tsawon gaske wanda sakamakonsa yake kama da barkatai. Microsoft da kansu sun rubuta cewa tun Excel 2010 RAND yana amfani da wani tsari mai suna Mersenne Twister, wanda wasu Japanawa biyu, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka ƙirƙira a 1997. Kafin jerin lambobinsa ya zagayo ya fara maimaita kansa sai an zaro lamba 2 ta ninka kanta sau 19937 a cire ɗaya, adadin da in za a rubuta shi ya haura lamba dubu shida a jere. Don adashi ko zaɓen ɗaliban furojet ya isa har ya yi yawa. Amma kar wani ya ce zai haɗa lambar sirri ko lambobin katin waya da shi, ba don tsaro aka gina shi ba, wanda ya ga isassun lambobin da ya fitar zai iya lissafo na gaba.

yaronKumo:
Injiniya ka zo da turanci kenan hhh. To mutum zai iya lissafo sunan da zai fito a adashin Adda?

injiniya_Bajoga:
Da lamba 12? Ina. Wanda zai iya wannan ba zai tsaya neman dubu 240 ba. Matsalar da Bappa ya kawo ita ce ta gaske, mai dannawa. Kuma akwai wata hanya da ba a ambata ba. RAND da RANDARRAY ba sa karɓar lambar farawa, shi ya sa ba a iya maimaita sakamako. Amma in kun kunna Analysis ToolPak, a File, Options, Add-ins, za ku ga Data Analysis a ƙarƙashin Data, a ciki akwai Random Number Generation, yana da akwatin Random Seed. Duk lambar da aka sa a wurin, gobe in aka sake sa ta da saiti iri ɗaya lambobin jiya za su dawo, kuma ba sa motsi. Kenan a zaman sai mutum huɗu kowa ya faɗi lamba ɗaya a haɗa, a yi ƙuri'a da ita, duk mai shakka ya je gida ya gwada da kansa. Yana nan har a 2016 ɗin Hamma.

Adda_Herwagana:
Injiniya wannan ai sai ku. Matan da nake zama da su in na fara cewa wata lambar farawa za su ce na zo da sabon salo ne. Yarinya ta danna sau uku kowa na kallo, an wuce wurin.

Hamma_Dukku:
Ni dai ta yaronKumo ta yi min aiki. Amma wani ya turo min fayil da ya yi a 365, da na buɗe sai na ga _xlfn. a gaban sunan fomular, me kenan?

dan_bolari:
Alama ce Excel ɗinka bai san fomular ba. Zai nuna maka lambobin ƙarshe da aka ajiye, amma kana taɓa ta za ta koma #NAME?. Ka ce ya daskarar kafin ya turo.

Ummu_Hanif:
Na dawo da wata. Na ce bari in yi wa takardar kwalliya tunda za a nuna wa mutane, na sa kan takarda da launi, na rubuta jimillar kuɗi a ƙasa, yanzu #SPILL! kawai nake gani a B2 sunayen sun ɓace.

dan_bolari:
Kin tare masa hanya ne Adda. Fomular a akwati ɗaya take amma tana buƙatar akwati 12 babu komai a ciki don ta zube. Danna B2 za ki ga wani layi mai ɗigo-ɗigo ya zagaye inda take son sauka, duba abin da ke ciki. Ko tazara ɗaya aka buga a akwati ta isa ta hana. Haka in kin haɗe akwatuna da Merge a wurin, ko kin mayar da jerin Table, duk ba ta zuba a cikinsu.

Ummu_Hanif:
Table ɗin ne! Na danna Format as Table saboda launin. Na fitar da fomular gefe ta dawo.

Goggo_Deba:
Mu da ba mu da laftof fa? Google Sheets nake amfani da shi a waya don lissafin shago.

yaronKumo:
Goggo akwai RANDARRAY a can amma nasu guntu ne, layi da kwalam kawai yake karɓa, lambobin kuma tsakanin 0 da 1. In kika kwafi ta Ummu Hanif mai abu biyar zai ƙi. Don gauraya suna rubuta =SORT(A2:A13,RANDARRAY(12,1),TRUE). In a kwamfuta kika buɗe Sheets ma ba sai da fomula ba, zaɓi sunayen ki je Data ki danna Randomize range, ya gauraya sau ɗaya ya tsaya.

MalamLissafi:
Ƙari a kan na yaronKumo, in wani ya kwafi fomula daidai amma Excel ya ƙi karɓa gaba ɗaya, ya duba saitin yankin kwamfutarsa. Irin laftof ɗin nan 'yan gwanjo da suka fito daga Jamus ko Faransa wasu suna zuwa da saitin da yake son alamar ; a maimakon waƙafi. Na taɓa ɓata rabin yini a kan wannan.

Bappa_Jekadafari:
To 'yata, wani abu kuma. A al'ada ai uwar adashi ita ke kwasar farko, ladan wahalar bin mutane. Ke za ki shiga ƙuri'ar ne ko kin cire kanki?

Ummu_Hanif:
Mu tun farko ba mu yi haka ba Bappa, da ni ake ƙuri'a. Amma akwai malamin da zai aurar da 'yarsa a Maris, ya roƙa a bar masa Fabrairu, mutum tara sun yarda biyu ba su ce komai ba.

MalamLissafi:
In an yarda, cire sunansa daga jerin ki rubuta shi da hannu a gaban Fabrairu, ki gauraya sauran da RANDARRAY(11) a kan ragowar watanni. In ba kya son ƙirga suna duk lokacin da aka ƙara ko aka rage, sa ROWS(A2:A12) a madadin 11 ɗin. Yawan sunaye da lambar cikin RANDARRAY dole su zo ɗaya, in ba haka ba #VALUE! za ki gani.

Bappa_Jekadafari:
Ni da za ki ji tawa, kar a cire kowa. A yi ƙuri'ar da mutum 12, in ta fito shi ya je ya nemi wanda Fabrairu ta faɗa wa su yi musanya tsakaninsu. Biyun nan da suka yi shiru ba yarda suka yi ba, kunya ce.

Adda_Herwagana:
In kuma Fabrairu ta faɗa kan ɗaya daga cikin biyun fa Bappa? Ka ga an ƙulla gaba kenan. Gara a tambaye su a gefe kafin Asabar.

Ummu_Hanif:
Na kira ɗaya ɗazu ta ce ba komai, ɗayar wayarta a kashe. Na shirya shafi biyu a fayil ɗin, mai 12 da mai 11, duk wanda aka tsaya a kai. Ɗan maigadinmu zai danna, sau uku irin na su Adda_Herwagana. dan_bolari F9 ɗin laftof ɗina ƙarar sauti yake ƙarawa maimakon ya sauya sunayen, akwai wani maɓallin?

dan_bolari:
Riƙe Fn sannan ki danna F9. Ko ki je Formulas ki danna Calculate Now, wannan ma ya fi don kowa zai ga linzamin yana tafiya. Ki caja laftof ɗin tun daren Juma'a.